Wa Zai Yi Yaɓe?

A gidan da na tashi, jakuna ne ke fara kawo mana labarin damina. Da zarar bazara ta tsananta, hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa, sai ka ji kofatonsu a lungu, kowane da mangala cike da jar ƙasa daga kududdufin bayan gari. A juye ta a ƙofar gida, a buɗe tsakiyar tulin kamar bakin akushi, a zuba ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa, mu yara mu faɗa ciki muna tattakawa. Sai a bar kwaɓin ya yi kwana biyu ko uku ya jiƙu sosai. Har yau in na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wannan lokaci nake tunawa.

Kawuna magini ne. Ranar aiki tun da sassafe yake hawa soro ba takalmi, yana takawa a hankali, domin tafin ƙafarsa ne ke gaya masa inda rufi ya yi laushi. Ya zare ganye da sheƙar tsuntsaye daga bakin indararo, ya cike tsagar bango, ya bi zankwaye ɗaya bayan ɗaya, sannan a shafe da makuba. Kakarmu tana zaune a tabarma a tsakar gida tana ba da umarni. "Ka duba mini kusurwar ɗakin nan, bara ta nan ya yi mini yoyo." Shi kuma daga sama ya amsa, "To, Inna, na gani." Kuɗin aikin tun bayan girbi take tara su. Kowane magidanci a gidan ya san da kuɗin yaɓe, kuma ba wanda ke jira a tambaye shi sau biyu.

Akwai wani gida da ke kallon namu. Tsofaffi sun ce magini ɗaya ne ya gina su, da ƙasar kududdufi ɗaya, da azarar giginya iri ɗaya. Da mai gidan ya rasu, magada suka watsu, aka zuba 'yan haya. Mai haya na cewa gyara na mai gida ne, magada kowa na jiran ɗan'uwansa. Damina ta farko ta wuce lafiya, ta biyu ta bar tsaga, ta uku ta faɗaɗa ta. A ta huɗu, cikin markar watan Agusta, muka ji rugugi da tsakar dare. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma da gari ya waye iyali biyar ne a waje da kayansu a jiƙe. Na tambayi Kawu yadda aka yi nasu ya faɗi namu yana tsaye. Ya ce, "Ɗan nan, gidan ƙasa ba a gama gina shi. Ran da aka daina taɓa shi, ran nan ya kama hanyar komawa kududdufin da aka ɗebo shi."

Na girma na yi ta bin tarihin gidajen da hukumomi da masu hali suka gina wa talakawa a manyan biranen duniya. Gine-gine ne na siminti da ƙarfe, wasu hawa goma, wasu ashirin, ba abin da ya haɗa su da jar ƙasa. Duk da haka, ko'ina na duba sai in tarar da gidajen nan biyu na lungunmu suna kallon juna.

Mafi tsufa a cikin irin waɗannan unguwanni da har yau ake zaune a ciki tana birnin Augsburg na Jamus. Wani hamshaƙin attajiri, Jakob Fugger, ya fara gina ta a 1516, ya kuma tabbatar da ita a matsayin wakafi a 1521. Ana kiran ta Fuggerei. Sharaɗin shiga shi ne mutum ya kasance mabuƙaci, ɗan garin, mabiyin ɗariƙar Katolika, ya kuma yi wa iyalin mai wakafin addu'a sau uku a rana. Kuɗin hayar shekara sulalla ɗaya ce ta zamanin, kuma ba a taɓa ƙara ta ba, a kuɗin yau ba ta kai yuro ɗaya ba. Kowa ya san wannan haya ba za ta sayi ko ƙusa ba. Abin da ya riƙe unguwar shekara ɗari biyar shi ne dukiyar da aka ware mata daban, wadda a yau yawancinta dazuzzukan katako ne da ake samun riba da su. Bama-bamai sun ragargaza ta a 1944, aka sake tayar da ita. Attajirin nan ya bar gida, ya kuma bar kuɗin yaɓe.

Sai dai alherin mutum ɗaya ba zai rufe birni ba. Da masana'antu suka cika Ingila a ƙarni na 19, mutanen karkara suka kwarara Landan suna cusuwa a ɗakunan da ba iska ba masai, kwalara da tarin fuka na ɗibar su. George Peabody, wani attajiri Ba'amurke mazaunin Landan, ya ba da dukiya a 1862 aka fara gina wa ma'aikata gidaje. A 1865 wata mata mai suna Octavia Hill ta karɓi wasu ruɓaɓɓun gidaje uku a unguwar Marylebone, da kuɗin marubuci John Ruskin. Ita ce ta fi tuna mini da kakarmu. Duk mako da ƙafarta take zuwa karɓar haya, ta ga tagar da ta fashe, ta ji wanda ya rasa aiki. Takan ware wa kowane gida kuɗin gyara na shekara, in an yi tattali wani abu ya ragu, masu hayar ne ke zaɓen abin da za a ƙara musu da shi. Da haka ɗan haya ya fara kallon bangon kamar nasa.

Daga baya hukuma ta shigo da kanta, kuma tun a matakin farko ta yi kuskuren da har yau ake maimaitawa. A gabashin Landan akwai wata unguwar marasa galihu da ake kira Old Nichol, inda jariri ɗaya cikin huɗu ba ya kaiwa shekara. Majalisar birnin ta rushe ta, ta tashi mutum sama da 5,000, ta gina kyawawan benaye na jan bulo da aka buɗe a 1900 da sunan Boundary Estate. Ɓaraguzan tsohuwar unguwar ma aka tara a tsakiya aka yi tudun shaƙatawa da su. Amma haya ta fi ƙarfin waɗanda aka tasa, 'yan ƙalilan ne cikinsu suka samu shiga, sauran suka ƙara cunkushe unguwannin maƙwabta. Kamar a ce wa mutum ya fito a gyara masa ɗaki, a gama gyara a ba baƙo makulli.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ne abin ya zama aikin ƙasa. Birtaniya ta yi doka a 1919 da nufin gina gida 500,000 cikin shekara uku don sojojin da suka dawo da sauran ma'aikata, aka samu gina kimanin 213,000. Amma inda aka yi abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Biyena, babban birnin Ostiriya. Kafin yaƙin, yawancin ma'aikatan birnin ɗaki ɗaya da madafi suke da shi, famfo da masai a waje na kowa da kowa. Talauci ya kai wasu iyalai na ba da hayar gadonsu da rana ga wanda ya yi aikin dare. Tarin fuka ya yi yawan da har ana kiran sa ciwon Biyena. Da 'yan jam'iyyar ma'aikata suka karɓi mulkin birnin a 1919, mai kula da baitulmalinsu, Hugo Breitner, ya sa haraji a kan kayan alatu, irin su dawakan sukuwa, manyan motoci da barorin gida. A 1923 aka ƙara harajin gina gidaje, wanda mai ƙaramin ɗaki ke biyan kaɗan, mai katafaren gida ya biya da yawa. Da wannan kuɗi, zuwa 1934, birnin ya gina gida fiye da 60,000.

Mafi shahara cikinsu shi ne Karl-Marx-Hof, wanda aka gama a 1930. Tsawonsa ya haura kilomita ɗaya, yana da gida 1,382. Abin lura shi ne ginin bai ci ko kashi ɗaya cikin huɗu na filin ba, sauran duk tsakar gida ne da bishiyoyi da wurin wasan yara. An yi ɗakunan wanki na gayya, wuraren wanka, makarantun renon yara, ɗakin karatu da wurin ganin likita. Duk wanda ya tashi a babban gida ya san cewa ɗaki wurin kwana ne kawai, rayuwa a tsakar gida take. A nan ake daka, a nan ake shanya, a nan matar wa ke riƙe wa matar ƙane jariri ta gama girki. Maginan Biyena sun gane haka. Tun da haraji ne ya biya kuɗin gini, sai aka tsayar da haya daidai abin da zai ishi gyara da kula da gida. Har yau birnin na riƙe da gida kusan 220,000 a hannunsa, kuma wajen rabin mutanen Biyena a gidajen birni ko waɗanda birni ya tallafa suke zaune. Ana duba samun mutum ranar da zai shiga, kuma an ɗaga iyakar yadda malamin makaranta da ma'aikacin jinya za su iya shiga. In Allah ya buɗa masa daga baya, ba a korar sa.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce sirrin, kuma a gidanmu na fara ganin ta. Cikin magidantan gidan akwai ɗan kasuwa mai rumfa, akwai malamin firamare, akwai tela, akwai kuma gwauruwa mai marayu huɗu da wani tsoho da ciwon ƙafa ya zaunar. Ba a taɓa karɓar kuɗin yaɓe daga waɗannan biyun ba, kuma ba a taɓa tsallake rufinsu ba. Kawu yakan ce bango ɗaya ne, in ya jiƙa ta ɗakin gwauruwa, ɗakin ɗan kasuwa zai tsage. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da a ce an kwashe masu ƙarfin an bar gwauruwa da tsoho, sannan aka ce su ji da gidan, da damina biyu ta isa.

Abin da aka yi ke nan a birnin St. Louis na Amurka. A 1954 aka fara shiga wata sabuwar unguwa mai suna Pruitt-Igoe: benaye 33, kowane hawa 11, gida 2,870. Wanda ya zana ta, Minoru Yamasaki, shi ne daga baya ya zana tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a New York. Waɗanda suka fara shiga sun fito ne daga ɗakunan da ba ruwa ba wuta, kuma da yawansu sun riƙa tuna shekarun farko da daɗi, ga ɗaki mai haske, ga kowane yaro da gadonsa. Gwamnatin tarayya ce ta biya kuɗin gini, amma doka ta ce gyara sai dai daga kuɗin haya. A takarda wannan ya yi kama da tsarin Biyena. Bambancin yana ga waɗanda ke cikin gidan.

A Amurka ta wancan lokaci, wanda samunsa ya haura iyaka dole ya fita daga gidan gwamnati. Ga shi kuma birnin kansa yana zubewa. Masana'antu suna tashi, farar fata masu hali suna ƙaura zuwa sababbin unguwannin bayan gari inda ake hana baƙar fata saye. Mutanen St. Louis sun haura 850,000 a 1950, zuwa 1970 sun dawo kusan 620,000. Pruitt-Igoe ta zama kusan ta baƙar fata zalla, kuma mafi talaucinsu. Har da wata ƙa'ida mai ciwo: matar da ke karɓar tallafin gwamnati ba a yarda namiji mai lafiya ya zauna tare da ita ba, sai uba ya bar gida don 'ya'yansa su samu abinci da wurin kwana. Ɗakuna suka fara zama ba kowa, haya ta ragu, gyara ya ragu, wasu suka ƙara tashi, haya ta ƙara raguwa. Na'urar hawa bene, wadda dama don tsimi a hawa na 1, na 4, na 7 da na 10 kawai take tsayawa, ta lalace ba mai gyarawa. Fitilun matakala suka mutu, tagogi suka farfashe, sanyin hunturu ya fasa bututun ruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: masu ƙwaya da 'yan ƙwace suka mamaye benayen da aka bari. A 1969 masu haya suka yi yajin biyan haya na wata tara. A 1972 aka sa nakiya aka fara tarwatsa benayen, duniya na kallo a talabijin, zuwa 1976 ba ko ɗaya a tsaye.

Hoton wannan rushewa ya yi ɓarna fiye da nakiyar. Mutane da yawa suka ɗauka hujja ce cewa gidan gwamnati ba ya ɗorewa, ko kuma talaka ba ya iya riƙe abu mai kyau. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ji wannan magana, domin na ga iyalai biyar ɗin nan a lungunmu da asuba, ruwa na zuba a kan katifunsu, kuma na ji masu wucewa na cewa ai 'yan haya ba su da kula. Ba su suka hana yaɓe ba. Sun shiga gidan da ba shi da mai tara kuɗin gyara, ba shi da mai hawa soro.

Faransa ta ƙara mana wani darasi. A hunturun 1954 wata mata ta daskare ta mutu a bakin titi a Faris, takardar korar ta daga gidan haya na hannunta. Wani limamin kirista, Abbé Pierre, ya yi kira a rediyo ranar 1 ga Fabrairu, ƙasar ta girgiza. A shekarun da suka biyo baya aka gina manyan rukunan benaye a bayan birane, irin su Sarcelles, aka fitar da dubban iyalai daga bukkokin kwano. Amma an kafa da yawansu a inda fili ke da araha, nesa da aiki, nesa da jirgin ƙasa. Da masu hali suka sayi nasu gidajen suka tashi, aka bar baƙin haure da zuriyarsu, yawanci daga arewaci da yammacin Afirka. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare, Clichy-sous-Bois, kimanin kilomita 15 ce daga tsakiyar Faris, amma a 2005, lokacin da mutuwar wasu samarin garin biyu da ke gudun 'yan sanda ta tayar da tarzomar mako uku a faɗin ƙasar, ko tashar jirgi ba ta da ita. Kakanninmu kafin su kafa gida sai sun tambayi ina rijiya, ina kasuwa, ina hanyar gona. Faransa ta gane kuskurenta, ta yi doka a 2000 da ta tilasta wa manyan garuruwa su sa kashi 20 cikin 100 na gidajensu su zama masu rangwamen haya, daga baya aka ɗaga zuwa 25 a wurare da dama, don kada a tara talauci a kusurwa ɗaya.

Wanda ke ganin tsawon bene ne matsalar, ya dubi Singafo. An kafa hukumar gidajenta a 1960, lokacin da yawancin mutanen tsibirin ke cikin bukkoki da cunkoson ɗakunan saman shaguna. A watan Mayun 1961 gobara ta cinye unguwar Bukit Ho Swee, mutum kusan 16,000 suka rasa matsuguni. Hukumar, ƙarƙashin Lim Kim San, ta gina gida sama da 50,000 cikin shekara biyar na farko. Daga 1968 aka ba ma'aikaci damar sayen gidansa da kuɗin asusun ajiyar da ake cira daga albashinsa, mallakar shekara 99. A yau kusan mutum takwas cikin goma na 'yan ƙasar a waɗannan benaye suke, da direban tasi da injiniya. Kowace unguwa da kasuwarta, makarantarta, asibitinta da tasharta. Ana karɓar kuɗin kula da gini duk wata, ana ajiye wani kaso don manyan gyare-gyare, ana sake fenti bayan 'yan shekaru bisa tsari. Tun 1989 akwai ƙa'idar da ta hana ƙabila ɗaya cika bene ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne hawan ƙasa na yawancin benayen, wanda ake bari fili ba ɗakuna. A nan Malayawa ke bikin aure, a nan 'yan asalin Sin ke zaman makoki, a nan tsofaffi ke hira da yamma. Zaure ne aka yi wa bene. Tsarin yana da nasa tabon: an karɓi filaye da ƙarfin doka, an share tsofaffin ƙauyuka, kuma baƙin leburorin da ke aza bulon ba su da rabo a ciki. Amma ba a taɓa barin gidan ba mai kula ba.

Birtaniya kuwa, wadda a ƙarshen shekarun 1970 kusan gida ɗaya cikin uku na hukuma ne, ta ɗauki wata hanya. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba masu haya damar sayen gidajen da suke ciki da babban rangwame. Iyalai da yawa sun ji daɗi, kuma ba mai ganin laifin wanda ya samu ya mallaki rufin kansa. An sayar da gida kusan miliyan biyu a Ingila kaɗai, amma aka ɗaure hannun ƙananan hukumomi wajen gina madadinsu. Manomi ya san bambancin hatsin ci da na iri. Wanda ya dafa irinsa zai ƙoshi bana, 'ya'yansa ne za su tsaya a bakin rumbu baɗi. Yau iyalai fiye da miliyan ɗaya ne ke jiran layin gidan hukuma a Ingila, kuma da yawa daga gidajen da aka sayar sun koma hannun masu ba da haya da tsada.

Akwai kuma mugun yaɓe. Kawu ya tsani a shafa wa bangon ƙasa siminti don ado. Yakan ce daga waje sai sheƙi, amma ruwa na shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bango na ruɓewa ba mai gani. Shi na tuna ranar 14 ga Yunin 2017, da na ga benen Grenfell mai hawa 24 yana ci da wuta a yammacin Landan, a ɗaya daga cikin yankuna mafi arziki na ƙasar. Shekara guda kafin nan aka gama lulluɓe shi da wasu faifan ƙarfe masu roba a ciki, waɗanda suka fi araha, suka kuma fi saurin kama wuta. Wutar da ta tashi daga firji a hawa na huɗu ta bi wannan lulluɓi ta kai ƙololuwa cikin ƙanƙanin lokaci. Mutum 72 suka rasu. Mazauna benen sun daɗe suna kokawa a rubuce kan haɗarin gobara, ba a saurare su ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da Kawu bai riƙa amsa wa Inna daga saman soro ba, da ƙwarewarsa ba ta tsinana komai ba.

Mu ma muna cikin wannan tarihi. Annobar da ɓeraye ke yaɗawa ce ta sa Turawan mulki kafa hukumar raya Legas a 1928. A shekarun 1950 aka rushe wani sashe na tsakiyar tsibirin aka kai mutane Surulere, 'yan kasuwa da yawa suka koka cewa an raba su da masu sayen kayansu. An kafa hukumar gidaje ta tarayya a 1973, aka gina rukunin Festac don bikin al'adu na 1977. Gwamnatin Shehu Shagari ta ɗauri aniyar gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara. Abin da aka gina bai kai haka ba, kuma a wasu jihohin saɓanin siyasa tsakanin tarayya da gwamnoni, waɗanda dokar 1978 ta ba ikon ƙasa, ya sa aka ba da filaye can bayan gari. Duk da haka, har yau garuruwa da yawa na da unguwar da ake kira Shagari kwatas. Lateef Jakande ya gina dubban gidaje a Legas tsakanin 1979 da 1983, a Amuwo-Odofin, Abesan, Iponri da sauransu, kuma a Kano an san rukunin gidajen Kundila. A 1990 kuma aka rushe unguwar Maroko a Legas, mutum kimanin 300,000 suka watsu, filin ya zama na masu hannu da shuni. Labarin Old Nichol ne ya sake dawowa bayan shekara ɗari.

Gwaggona ta zauna a ɗaya daga cikin irin waɗannan gidajen gwamnati masu sauƙin kuɗi da ake kira lokos, da mijinta ƙaramin akawu ya ci sa'ar samu. Ciki biyu ne da falo, ƙofa na kallon titi, ba katanga, madafi ɗan ƙarami da ba ya ɗaukar turmi. A makon farko aka kafa zana. Bayan shekara aka ja katanga, aka yi zaure, aka fitar da murhu waje, daga baya aka buɗe ɗan shago a jikin bango. Haka kowane maƙwabci ya yi, har unguwar ta koma kama da mutanen da ke cikinta. Da an tambaye su tun farko, da an huta da rabin wannan wahala, tun ran gini ran zane. Daga baya aka sayar wa kowa gidansa. Na koma bayan shekaru na tarar cikin kowane gida tsaf, an yi fenti, an sa tayil. Amma kwatar da ta ratsa unguwar ta toshe, titi ya zaizaye ya zama kwazazzabo, tankin ruwan gayya ya yi tsatsa, filin da aka ware don makaranta an yanka shi fuloti-fuloti. Na ce, "Gwaggo, wa ke kula da waje?" Ta ce, "Ɗana, kowa ya shige gidansa ya ja ƙofa. Waje ba shi da uwa."

Biranenmu na cika kullum, haya na cinye albashi, matasa na ɗage aure don rashin ɗaki. Muna buƙatar gwamnati ta yi gini, ta yi da yawa, domin kasuwa ita kaɗai ba ta taɓa rufa wa mai ƙaramin ƙarfi asiri a wani babban birni ba. Amma ranar da aka taru yanke ƙyalle, ana kiɗa ana miƙa makullai, ina so a samu wanda zai miƙe ya yi tambayoyin kakarmu. Wa zai shiga, kuma ina waɗanda aka tasa daga filin? Daga nan zuwa kasuwa da wurin aiki nawa ne kuɗin mota? Akwai mai ƙarfi a cikin gidan da zai tallafi marar ƙarfi? Kuɗin gyara a hannun wa suke, daga ina za su riƙa fitowa, kuma in rufi ya yi yoyo wa za a kira ya amsa?

Bara na je gida ana gab da damina. Inna ta daɗe da rasuwa, Kawu ma ya bi ta, Allah ya jiƙansu. Gidan da ke kallon namu kango ne har yanzu, awaki ke kwana a ciki. A ƙofar gidanmu kuwa na tarar da tulin jar ƙasa, a-kori-kura ce ta kawo maimakon jakuna. Ɗan Kawu ne a saman soro, ba takalmi. Kuɗin yaɓe yanzu ta waya muke turawa, mu da ke nesa, kuma matar babban wanmu ce ke riƙe da lissafi. Na dafa bangon zaure, na ji sawun yatsu a jikinsa, na bana a kan na bara, na bara a kan na shekarun da ban san adadinsu ba. Daga tsakar gida na ji muryar wata tsohuwa tana cewa a duba mata kusurwar ɗakinta. Daga sama aka amsa, "To, Inna, na gani."